Thierry Sabine: Bafaranshen da ya kawo tseren motoci Sahel, da mamatan da ba a ƙirga ba

Kafin Kogin Kwara ya shigo Najeriya ta yankin Bagudo a Jihar Kebbi, sai ya yi tafiya yana raba Jamhuriyar Benin da Nijar, ya ratsa tsakanin Malanville da Gaya. Wanda ya bi gaɓarsa ya yi sama zai iske Yamai, sannan Gao ta ƙasar Mali, in ya ƙara gaba ya tarar da wani ƙaramin gari mai suna Gourma-Rharous. Kimanin kilomita 8 daga wannan gari ne wani jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da daren 14 ga Janairun 1986, ya hallaka duka mutum biyar da ke cikinsa. Ɗaya daga cikinsu shi ne Thierry Sabine, wanda ya ƙirƙiro tseren motoci da babura na Paris zuwa Dakar. Yana da shekara 36.

Bagudo ba ta cikin garuruwan da tseren ke yada zango. Amma ya sha ratsa ƙasar Hausa ta tsallaken iyaka, ta Damagaram da Tawa, da kuma Agadas da Yamai. Tambayar da rayuwar Sabine ta bari kuma ta shafi duk wani gari da hanya ta ratsa tsakiyarsa: mutuwar wa ke sa a sauya doka, ta wa kuma ake share ƙura a wuce?

Ɗan likita mai son gudu

An haifi Sabine ranar 13 ga Yunin 1949 a gefen birnin Paris, a gidan wadata. Mahaifinsa, Gilbert Sabine, likitan haƙori ne mai sha'awar tseren mota, ɗan kuma ya tashi da wannan sha'awa. Ya yi karatun hulɗa da 'yan jarida, ilimin da ya yi masa rana daga baya, domin ya san yadda ake mai da abu labari.

A tsakiyar shekarun 1970 ya shiga tseren awa 24 na Le Mans. A 1975 ya shirya tseren babura a kan rairayin bakin teku a garin Le Touquet da ke arewacin Faransa, inda ɗaruruwan babura ke tashi lokaci guda. Daga nan aka gane cewa baiwarsa ta fi ƙarfi wajen tara jama'a da tsara gasa, ba wajen riƙe sitiyari ba.

A Janairun 1977 ya shiga tseren Abidjan zuwa Nice a kan babur Yamaha XT 500. A arewa maso gabashin Nijar, wajen iyakar Libiya, ya saki hanya ya ɓace. Ya yi kwanaki cikin hamada, ruwansa ya ƙare, ya jera duwatsu a ƙasa don a hango alama daga sama. Wani ƙaramin jirgi na masu shirya tseren ne ya gan shi, aka ɗauko shi da sauran numfashi.

Wani da ya tsallake irin wannan sai ya yi rantsuwa ba shi ba hamada. Sabine ya koma gida da niyyar kai wasu inda ya kusa mutuwa. Darasin da ya ɗauka shi ne cewa Bature zai biya kuɗi ya shiga haɗari, muddin ya yarda cewa akwai jirgin da zai zo nemansa.

Daga Paris zuwa Agadas

Ranar 26 ga Disambar 1978 ababen hawa 182 suka tashi daga dandalin Trocadéro a Paris. Suka tsallaka teku zuwa Aljeriya, suka gangaro ta Tamanrasset zuwa Agadas da Yamai, suka shiga Mali ta Gao da Bamako, tafiyar kusan kilomita 10,000. Guda 74 kaɗai suka isa Dakar ranar 14 ga Janairun 1979. Wani matashi, Cyril Neveu, ya zo na ɗaya a kan babur.

Tun a wannan karo na farko tseren ya ci rai, kuma a ƙasar Nijar. Wani Bafaranshe mai suna Dodin ya faɗi daga babur a kusa da Agadas yana ƙoƙarin ɗaura igiyar hular kwanonsa yana cikin tafiya. Kansa ya bugu, aka kai shi asibiti a Paris, can ya cika.

Wannan bai rage wa tseren farin jini ba. A Janairun 1982 Mark Thatcher, ɗan Firaministar Birtaniya ta lokacin, ya ɓace a hamadar Aljeriya tare da abokan tafiyarsa biyu. Kwana shida ana nema kafin jirgin sojan Aljeriya ya gano su. Jaridun duniya suka yi ta yayata labarin, tseren da a da Faransawa kaɗai suka sani ya zama abin kallon kowa.

A 1983 Sabine ya shigar da tseren cikin Tenere a karon farko, hamadar da ayarin gishirin Bilma ke shafe kwanaki yana ratsawa. Guguwar rairayi ta taso, kimanin 'yan tsere 40 suka ɓace. Sabine ya kwashe kwana huɗu yana shawagi a jirginsa har aka gano su duka. Daga nan ya zama gwarzo a idon 'yan tsere: mai farin kaya da gemu, wanda kan tara su da asuba ya karanta musu haɗarin da ke gaba, da yamma kuma ya bi sawun wanda bai iso ba.

Bai yi wannan aiki shi kaɗai ba. Masu jagora daga cikin Abzinawa, waɗanda suka san rijiyoyi da tuddan rairayi, su ne idonsa a Nijar. Fitacce a cikinsu shi ne Mano Dayak, mai kamfanin yawon buɗe ido a Agadas, wanda daga baya ya zama jigo a tawayen Abzinawa, ya kuma rasu a haɗarin jirgin sama a Disambar 1995. Filin jirgin saman Agadas na ɗauke da sunansa a yau.

Kariyar da ta tsaya a kan baƙi

Dole a yi wa Sabine adalci: ya ɗauki ceton 'yan tserensa da muhimmanci. A zamaninsa aka ƙara likitocin da ke bin ayari, aka ƙara jiragen ceto, aka wajabta wa mai tsere ɗaukar ruwan ajiya da na'urar neman agaji, aka sa babbar mota a ƙarshen ayari tana kwashe waɗanda suka maƙale. Kowace ɓata da kowace mutuwa ta ɗan tsere takan haifar da sabuwar ƙa'ida.

Sai dai tseren ba a fili mai shinge ake yin sa ba. Hanyar da motocin ke bi ita ce hanyar kasuwa da rijiya da makiyaya. Yaran ƙauye kan fito kallo, ƙurar motar farko ta rufe musu ta biyu. A 1982 mota ta kashe wani yaro a Mali. A 1984 wata mota ta ƙwace ta afka wa 'yan kallo a ƙasar da a yau ake kira Burkina Faso, ta kashe wata uwa. Ba a tsayar da tseren ba ko sau ɗaya saboda su, kuma mafi yawan rahotannin lokacin ba su ɗauki ko sunayensu ba.

A waɗannan shekaru ne kuma fari ya kama Sahel. Mutanen Nijar sun laƙaba wa yunwar 1984 zuwa 1985 suna El Buhari, saboda ta zo daidai da lokacin da gwamnatin soja ta Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na ƙasa, hatsi ya daina tsallakawa yadda aka saba. Cikin wannan hali ayarin ɗaruruwan motoci ke wucewa, da jiragen da ke kai musu mai da abinci. A 1985 har 'ya'yan gidan sarautar Monaco sun shiga tseren. Masanin aikin gona na Faransa René Dumont ya kwatanta abin da masu shagalin da suka shiga gidan matalauci suka baje liyafa, ba su ko yi masa tayi ba.

Sabine ya ji zafin sukar. Martaninsa shi ne shirin kai injinan ban ruwa ƙauyukan Sahel ta hanyar amfani da motocin tseren. Shahararren mawaƙin Faransa Daniel Balavoine, wanda ya taɓa shiga tseren sau biyu, ya zama jakadan shirin. Wannan aiki ne ya haɗa su a jirgi ɗaya ranar ƙarshe.

Ranar 14 ga Janairu

Tseren 1986 ya tashi da ababen hawa 486. Tun kafin a bar Faransa wani ɗan Japan mai babur, Yasuo Kaneko, ya rasu a karo da wata mota. Bayan an ratsa Tenere an huta a Yamai, zangon ranar 14 ga wata shi ne daga Yamai zuwa Gourma-Rharous.

Sabine da Balavoine sun wuni a Gao suna tattaunawa da hukumomi kan injinan ruwan. Da yamma Sabine ya tsaya buɗe wani wasan ƙwallon ƙafa da aka shirya albarkacin zuwan tseren, abin ya ja lokaci. Jirgin ya tashi rana ta yi sanyi, iska kuma na ɗauke da rairayi. Matuƙin, François-Xavier Bagnoud, ɗan ƙasar Suwizalan ne mai shekara 24 wanda ya ƙware a aikin ceto a kan duwatsu. A tafiyar ƙarshe akwai kuma 'yar jarida Nathalie Odent da ma'aikacin rediyo Jean-Paul Le Fur.

Jirgin ba shi da kayan tashi da dare. Da duhu ya rufe, sai suka sauka kimanin kilomita 20 kafin zango, kamar yadda hankali ya nuna. Jim kaɗan kuma suka sake tashi, suna tafiya ƙasa-ƙasa suna bin fitilun wata motar tsere. Bayan ƙarfe 7 na dare jirgin ya bugi tudun rairayi ya tarwatse. Har yau ana saɓani a kan abin da ya sa suka sake tashi. Abin da ba a saɓani a kansa shi ne cewa mutumin da ya shafe shekara takwas yana gargaɗin wasu game da hamada ya mutu ne a tafiyar da ba ta cika sharaɗin kariya mafi sauƙi ba.

Tseren bai tsaya ba. Aka ci gaba har Dakar, inda wani ɗan Italiya mai babur, Giampaolo Marinoni, ya faɗi a zangon ƙarshe, ya tashi ya kammala, ya rasu bayan kwana biyu saboda rauni a cikinsa. Ababen hawa 100 suka kai ƙarshe. Aka ƙone gawar Sabine, aka watsa tokar a gindin wata bishiyar ƙaya da ke tsaye ita kaɗai a arewacin Tenere, wadda tun daga lokacin ake kira da sunansa. Mahaifinsa ya karɓi ragamar tseren, kafin kamfanin Amaury, mai shirya tseren kekuna na Faransa, ya karɓe shi a farkon shekarun 1990.

Yadda Turai ke yi da nata mamatan

Domin a gane abin da aka hana Sahel, sai a duba abin da ya faru a Turai. A 1955 wata motar Mercedes ta yi tsalle ta faɗa cikin 'yan kallo a Le Mans, ta kashe fiye da mutum 80. Ƙasashe da dama suka dakatar da tsere, Suwizalan ta haramta tseren zagaye na tsawon gomman shekaru, Mercedes ta janye daga gasa.

A shekarar da Sabine ya rasu ma an ga irin haka. A Maris ɗin 1986 wata motar tsere ta afka wa 'yan kallo a Portugal ta kashe mutum uku, manyan direbobi suka ƙi ci gaba da gasar. A watan Mayu Henri Toivonen da abokin tafiyarsa Sergio Cresto suka ƙone cikin motarsu a tsibirin Corsica. Nan take hukumar tseren motoci ta duniya ta yanke cewa daga ƙarshen shekarar an haramta rukunin motocin da ake kira Rukunin B, saboda ƙarfinsu ya wuce hanyoyin da suke bi.

Motocin ba su tafi gidan tarihi ba. Kamfanin Peugeot, wanda 'yan Najeriya suka sani da masana'antarsa ta Kaduna, ya gyara motarsa 205 ta wannan rukuni ya kawo ta tseren Dakar, Ari Vatanen ya ci gasar 1987 da ita. Abin da aka ga ya fi ƙarfin hanyoyin Turai, shi aka sako kan hanyoyin ƙauyukan Nijar da Mali.

Shekarar 1988 ta zo da muni. Ababen hawa fiye da 600 suka tashi. A hamadar Nijar wata babbar motar kamfanin DAF ta wuntsila cikin matsanancin gudu, Kees van Loevezijn ɗan ƙasar Holan ya mutu, kamfanin ya janye. A Mali mota ta kashe wata yarinya 'yar shekara 10, a Muritaniya kuma motar 'yan ɗaukar hoto ta kashe wata mata da 'yarta. Jaridar fadar Paparoma ta yi tir da tseren. Kamfani ya janye saboda ma'aikacinsa, ba wanda ya janye saboda yarinyar.

A tseren Formula 1 kuwa, mutuwar Roland Ratzenberger da Ayrton Senna a Imola a 1994 ta sa aka sake fasalin motoci da filaye, har aka shekara 20 ba a sake rasa direba a gasar ba, sai haɗarin Jules Bianchi a Japan a 2014. Daga baya aka wajabta wani ƙarfe mai kare kan direba a 2018, wanda ya taimaka wa Romain Grosjean ya fito da rai daga cikin wuta a Bahrain a 2020. Ba tausayi kaɗai ya kawo wannan ba. Mamatan suna da suna, an binciki kowane haɗari an rubuta, direbobi suna da ƙungiya, kuma akwai kotunan da za su iya kiran masu shirya gasa.

Gyaran da ya zo a makare

Tseren Dakar ma ya yi gyara, amma bisa wannan tsari. Bayan mutuwar Fabrizio Meoni, ɗan Italiya da ya ci gasar sau biyu, a Muritaniya a 2005, aka ƙayyade gudun babura. Aka sa na'urar da ke nuna inda kowane mai tsere yake ta tauraron ɗan'adam, da wadda ke yi wa na gaba ƙara idan ana son wuce shi. Aka kuma sa iyakar gudu a cikin ƙauyuka, na'ura na lura, ana hukunta wanda ya karya. Wannan mataki na ƙarshe shi ne wanda ya shafi mutanen gari kai tsaye, kuma ya ɗauki shekaru masu yawa kafin ya zama doka mai haƙora.

Ko da hakan, a Janairun 2006 an kashe yara maza biyu cikin kwana biyu, ɗaya a Gini, ɗaya a Senegal. Na biyun ya mutu ranar 14 ga wata, shekara 20 cif da faɗuwar jirgin Sabine. A wannan karo an ƙi ƙirga lokaci a zangon ƙarshe domin juyayinsu da na ɗan Ostireliya Andy Caldecott da ya rasu a tseren.

Abin da ya fitar da tseren daga Afirka ba jinin yara ba ne. A 2000 an kwashe ayarin gaba ɗaya da manyan jirage daga Yamai zuwa Libiya saboda barazanar 'yan bindiga a arewacin Nijar. A 2008 aka soke gasar bayan kisan Faransawa huɗu 'yan yawon buɗe ido a Muritaniya. A 2009 ta koma Kudancin Amurka, a 2020 ta koma Saudiyya, inda mutuwar Paulo Gonçalves ɗan Portugal ta sa aka wajabta wa masu babur rigar da ke kumbura da iska idan an faɗi. Jimillar mutanen da aka san sun mutu a tseren tun 1979 ta haura 70, kuma fiye da rabinsu ba 'yan tsere ba ne. Masu bin diddigin lamarin sun daɗe suna cewa adadin mutanen gari bai cika ba, domin ba a riƙa rubuta su yadda ya kamata ba.

Abin da ya rage mana

Laifin bai tsaya kan Sabine ba. Kowace shekara da izinin gwamnatocin yankin tseren ke wucewa, su ke ba da jami'an tsaro, su ke tarbar baƙi. Suna da ikon gindaya sharaɗin kauce wa ƙauyuka, da bincike, da diyyar da kotu za ta yanke. Agadas ta ci moriyar baƙin, masu otal da masu jagora da masu sayar da mai sun samu, wannan moriya kuma ta isa ta rufe bakin hukuma.

A wannan gefe na iyaka ba a tseren Dakar, amma hanyoyin da ke haɗa Bagudo da Kaoje da Tsamiya da Illo da Lolo su ma ta cikin garuruwa suke bi, kuma duk mazaunin bakin iyaka ya san irin gudun da mota ko babur ke yi idan mai shi na ɗauke da kayan da ba ya son a tsayar. Haka nan wasan mota da samari ke yi a bukukuwa a biranen Arewa, a kan titin da kowa ke bi, ba shinge ba likita.

Najeriya ta kafa Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa a 1988, shekarar da ta zo wa tseren Dakar da muni. Lokacin da hukumar ta fara tilasta sa hular kwano a Janairun 2009, an ga 'yan acaɓa sun kifa ƙwarya a ka domin su wuce jami'ai. Shekara 30 ke nan daidai bayan igiyar hula ta jawo wa Dodin faɗuwar ajalinsa a kusa da Agadas. Doka ta zo, amma ba ta zo da abin da ya sa ta yi aiki a wasu wurare ba: rubuta kowane mamaci da sunansa da wurin da ya faɗi, binciken da za a wallafa kowa ya gani, da wanda zai amsa tambaya a gaban alƙali. A ƙauyukanmu yawanci a ranar ake jana'iza, a ce ƙaddara ce, a yafe. Yarda da ƙaddara bai hana ɗaure raƙumi ba, kuma yafiyar iyali ba ta sauke wa hukuma nauyin ƙirga gawa da gyara kwanar da ta ci mutum.

Sabine yana da bishiya da sunansa a Tenere, da allon tunawa a gindinta. Mahaifiyar matuƙinsa, Albina du Boisrouvray, ta kafa gidauniyar taimakon marayu da matalauta da sunan ɗanta. Makarantu da tituna da dama a Faransa na ɗauke da sunan Balavoine. Yaron da aka kashe a Mali a 1982 kuwa, a yawancin jerin mamatan tseren, ƙasarsa da shekarar kawai aka rubuta.